Ƙanin Uba Ba Kawu Ba Ne

Kafin abin ya faru, ni yarinya ce wadda ko malaman ajinmu sukan manta tana nan. A Ƙofar Dumi aka haife ni, babana tela ne. Ina aji biyar na sakandare, shekarata goma sha shida. Ba na magana, amma ina kallo. Na san malamin da ke sa safa kala biyu, na san tagar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Mai gadinmu, Baba Audu, shi kaɗai ke tsokanata. Kullum da safe sai ya ce, "Shiru-shiru, yau ma ba za a ba mu ko kalma ɗaya ba?" Sai in sunkuyar da kai in wuce.

A shekarar ne makarantarmu ta kawo sabon tsari na kwamfuta. Malama Rifkatu, mai koyar da mu kwamfuta, ita aka damƙa wa. Ta ce mana akwai rumbun bayanai da ke ɗauke da sunan kowa, kuma a gefen kowane suna an rubuta matsayinsa: ɗaliba, malami, mai gadi, ko mai kula. Duk abin da ka taɓa, na'urar sai ta koma rumbun ta duba ko matsayinka yana da izinin yin haka. Ta ce, "Ba ta san fuska ba, ba ta san hali ba. Abin da aka rubuta kawai ta sani."

Har ƙofa tsarin ya kai. Yaran firamare da mu ƙofarmu ɗaya. Duk wanda ya zo ɗaukar yaro sai ya faɗi sunansa, Baba Audu ya duba a wata ƙaramar na'ura kamar allo. In ta nuna kore, a ba shi yaro. In ja, ya koma.

Ni ce ke share ɗakin kwamfuta ranar Laraba. Ina shara ina kallon yatsun Malama lokacin da take buga kalmar sirrinta. Mako uku ya ɗauke ni na haɗa haruffan. Rannan ta fita amsa waya, na zauna a kujerarta, na nemo sunana, na goge "ɗaliba" na sa "mai kula". Tun daga nan ban sake bukatar kalmarta ba. Da sunana nake shiga, kuma ba inda ake hana ni.

Da farko kallo kawai nake yi. Sai na goge makarar da aka rubuta mini. Sai na goge wa ƙawayena biyu. A karon farko a rayuwata aka riƙa ajiye mini wuri a benci. Daɗin wannan ne ya rufe mini ido.

A cikin keke napep ƙawayen nawa suka yi ta surutun abin, direban yana ji. Gambo sunansa, shi ke mai da mu gida. Yana da tabo daga kunne zuwa haɓa, kuma farcen ɗan ƙaramin yatsansa dogo ne. Wata rana da suka sauka ya miƙo mini waya sabuwa a kwali. Ya ce, "Ƙanwata, kyauta ce. Mai ƙwaƙwalwa irin taki bai kamata ta zauna ba waya ba." Na san ba a ba da irin wannan a banza. Na karɓa.

Bayan mako guda ya faɗi bukatarsa. Akwai wata yarinya Ummi a aji ɗaya na firamare, babanta ɗan kasuwa ne a unguwar Ɗan Iya. Yana so in sa sunansa cikin masu izinin ɗaukarta. Na ce ba zan iya ba. Sai ya kauce hanya, ya shiga wani lungu, ya kashe keken. Ya shaƙe ni ya buga ƙeyata da ƙarfen kujera har na ciji leɓena, na ji gishirin jini a bakina. Ya zaro wuƙa, ya ɗora a kumatuna, sannan ya sauke ta ya yanke igiyar jakata da sara ɗaya.

"Na san shagon tsohonki," in ji shi. "Gobe kafin a tashi. In kika buɗe baki, da wuyansa zan fara."

A gida na ce ƙusa ce ta tsinka jakar. Da safe Baba Audu ya dubi kumburin leɓena ya ce, "Shiru-shiru, wa ya taɓa ki?" Na sunkuyar da kai na wuce. Lokacin hutun tara na shiga ɗakin kwamfuta, na ƙara sunan Gambo a ƙarƙashin na Ummi. Akwai gurbin dangantaka. Na rubuta abin da ya fara zuwa mini: Kawu.

Ƙarfe biyu aka tashi. Na laɓe bayan tankin ruwa ina kallon ƙofa. Gambo ya zo da farar riga, ya faɗi sunansa. Na hango hasken kore a fuskar Baba Audu. Aka kira Ummi, ta fito tana jan kwandon abincinta, takalminta ɗaya a kwance.

Baba Audu ya ce, "Malam, kai wane ne nata?"

"Ƙanin babanta ne ni."

"Ƙanin uba ai Baffa ne. Nan kuwa Kawu aka rubuta. Ta wajen uwa kake ko ta wajen uba?"

"Tsoho, kore ta nuna ko ba ta nuna ba? Yi aikinka."

"Ta nuna. Ummi, kin san wannan?"

Yarinyar ta girgiza kai. Gambo ya fizgi hannunta. Baba Audu ya fizgo ta, ya wurga ta ciki, ya jawo ƙofar ƙarfen da hannun dama. Daga cikin riga Gambo ya zaro adda. Sara na farko ya sauka a kan yatsun da ke riƙe da ƙofar. Na ji ƙarar ƙashi a jikin ƙarfe. Na biyu ya samu tsintsiyar hannu, na uku kafaɗa. Jini ya wanke allon na'urar da ta faɗi ƙasa, tana nan da korenta. Tsohon bai saki ƙofar ba. Ya tokare ta da ƙirji yana kabbara har masu acaɓa suka rufar wa Gambo da duwatsu da sanduna. Da 'yan sanda suka ɗauke Gambo, fuskarsa ba ta ganuwa.

Malama Rifkatu aka fara kamawa, tunda a saninsu ita kaɗai ce mai kula. Kwana uku tana tsare, ni kuma ina aji ina rubuta darasi. Sai wanda ya haɗa tsarin ya zo ya buɗe wani sashe na rumbun da ban san da shi ba, inda ake ajiye sawun duk wanda ya canza wani abu. Ga sunana, ga rana, ga minti, tun daga makarar farko da na goge. Da aka fito da Malama muka haɗu a ƙofar ofis. Ta ce, "'Yata, ke?" Ta juya ta tafi.

Saboda ƙarancin shekaruna aka kai ni gidan gyaran tarbiyya na yara, shekara ɗaya da rabi. Babana ya zo sau ɗaya, ya kasa kallona. A can na tuba, na kuma gane cewa ba wuƙar Gambo ce mafarin abin ba. Ranar da na zauna a kujerar da ba tawa ba, ranar na buɗe masa hanya.

Da na fito, Inna ta raka ni Inkil, inda Baba Audu ya koma wurin 'ya'yansa. Yana zaune a tabarma yana ƙoƙarin ɓare gyaɗa da hannun hagu. Hannun rigarsa na dama an naɗe shi an maƙale da fil. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "To, yau dai an ba mu kalma. Na yafe, don Allah. Amma 'yar nan, da kin ba ni ita a safiyar da na tambaye ki, da yanzu da hannu biyu zan karɓi gaisuwarki."

Yanzu na koma karatu a wata makaranta, matsayina ɗaliba, kuma ya ishe ni. 'Yan'uwana matasa, kada ku leƙi sirrin wani, kada ku ɗauki izinin da ba a ba ku ba, ko da don goge makara ne. Kada ku karɓi kyautar da ba ku san dalilinta ba. In kuwa kun riga kun faɗa, kuma wani babba ya tsaya ya ce muku wa ya taɓa ku, ku buɗe baki ku faɗa masa a nan take. Ni na yi shiru, aka biya da hannun Baba Audu.