Takardar Sodangi da Wuƙar Kofur

Kofur Hassan ne ya yanka takardar inshorar Sodangi da wuƙar aljihunsa, a bakin hanya a Bodinga, gaban mutane fiye da ashirin. Da ya gama yankawa sai ya zaro littafi ya rubuta cewa direban ba shi da takarda. A kan wannan rubutu kotu ta karɓe lasin Sodangi na shekara guda. Cikin bazarar 1957 aka yi wannan aika-aika, kuma har yau lasin yana kulle a ofis, motar tana Shagari bisa duwatsu.

Sodangi ɗan Horo Birni ne, ɗan fari ga uwarsa Inno. Noma ya tashi yana yi, har lokacin yaƙin duniya da aka ce kowane gari ya ba da samari. Aka ba da shi. A soja ya koyi tuƙi, aka kai shi ƙasar Bama, can ƙetaren teku, ya yi shekara uku yana jan motar kaya cikin laka da duwatsu. Wata rana motar ta kife da su a gangare. Ya fito da ransa, amma gwiwarsa ta dama ba ta ƙara lanƙwashewa har ƙasa ba. Yana iya zama, yana iya taka totur da birki, durƙuso ne dai ya gagare shi. Ko salla da ƙafa miƙe yake yi, kuma limamin Shagari ya ce masa ba komai, Allah ya san halin da yake ciki.

Da ya dawo ya zauna Shagari don nan ne bakin hanya. Shekara tara yana jan motocin mutane tsakanin Sakkwato da Jega kafin ya sayi tasa, tsohuwa mai bodin katako, wadda sai an juya mata hannu take tashi. Ba mutum ne mai daɗin baki ba, wannan kowa ya sani. Ba ya hira a tasha, ba ya dariyar da ba ta zo masa ba, in ya ce mota ta cika to ta cika ko da surukinsa ne a tsaye. Amma matan da ke kai albasa Sakkwato shi suke jira. Ya san albasa ba ta son zafi, yakan jera buhunan nesa da inji, ya bar musu hanyar iska, ba ya bari a zauna a kansu. In lokacin azahar ya yi a hanya yakan tsaya. Shekara goma sha ɗaya yana bin hanyar nan bai taɓa take ko akuya ba.

Takardar inshora daga wani kamfani a Kano ya samo ta, da hatiminta da lambarta. Ba ya karanta Turanci, amma ya san lamba, ya kuma san ranar da za ta ƙare. Ranar da ya kawo ta gida Inno ta gan shi yana juya ta. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, Soja take ce masa.

"Mine na wanga, Soja?"

"Takardar mota ta, Inno. In anka yi hatsari ita ka tsaya ma mutum."

"Ashe Nasara ma suna da laya."

"Ba laya ta ba."

"Abin da ka tsaya ma mutum ranar hatsari, kuma an rubuta shi ga takarda? To mi as sunanta?"

Ya sa takardar ƙarƙashin matashi ya tafi masallacin Juma'a. Kafin ya dawo Inno ta gama shawara. Ta san gara, ta san ɓera, ta san ruwan da ke zuba ta rufin motar nan in damina ta yi. Takarda mai daraja a wurinta wuri ɗaya take zama lafiya. Ta je wurin malam ta karɓo rubutun tsari, ta haɗa da ta Kano, ta kai wa baduku. Ya ninke su tare ƙanana, ya ɗinke cikin jar fata, ya sa igiya.

Da Sodangi ya gani ransa ya ɓaci, ya ce zai farke.

"Ka farke mana," in ji Inno. "Ni dai na gama nawa. Ta Nasara ta riƙe gaba, ta malam ta riƙe baya. Wanda yaƙ ƙi kuma, shi ya sani."

Mutumin da ya yi shekara uku a daji uwarsa tana kirga masa kwanaki ba zai farke ɗinkinta a gabanta ba. Ya rataye abin a gaban mota kusa da gilashi. Ya ce a ransa, duk ranar da aka tambaya, babu kasuwar da ba ta da baduku. Wata takwas yana nan rataye.

A shekarar ne aka fara tsayar da motoci a Bodinga ranar kasuwa. Direbobi suka koyi yadda ake yi cikin mako biyu. In an ɗaga maka hannu ka sauko, ka durƙusa, ka ce ranka shi daɗe, in da goro a aljihu ka miƙa. Doka kuwa ta bar wa ɗan sanda zaɓi. In direba bai nuna takarda nan take ba, yana iya rubuta masa sammaci, yana kuma iya ba shi 'yan kwanaki ya kai ta caji ofis. An bar wannan zaɓi ne don mai mantuwa da mai uzuri. Kofur Hassan ya mai da shi ma'aunin gaisuwa.

Ranar da abin ya faru Sodangi ya taso daga Shagari da hantsi, da albasa cike da mota da mata shida a baya. A Bodinga ya tarar da motar Lawali a gabansa, wani direba da ke jan kayan wani attajiri. Da kunnensa ya ji Lawali daga durƙushe yana cewa ya manta takarda a gida. Da kunnensa ya ji kofur ya ce, "Kwana biyar, ka kawo ta ofis. Tashi ka tafi."

Sai aka zo kansa. Ya sauko, ya tsaya, ya yi gaisuwa.

"Kai ba ka iya gaisuwa ba?"

"Na gaishe ka, kofur."

"A tsaye?"

Da ya ce gwiwa ce, wataƙila da an wuce wurin. Amma Sodangi bai taɓa roƙon kowa da gwiwar nan ba, kuma bai ga abin da zai sa ya fara a kan mai igiya biyu ba.

"Tsaye munka gaida manjo," in ji shi, "bai ce komi ba."

Wani mai sayar da rake ya yi dariya. Kofur bai yi ba. Ya karɓi lasin, ya duba gaba ya duba baya, bai sami abin kamawa ba. Ya zagaya motar, ya buga taya da takalmi. Sa'an nan ya ce, "Inshora."

Sodangi ya miƙa hannu cikin mota ya sauko da jar fatar.

"Tana ciki. Tsohuwata tas sa anka ɗinke ta don kada ta lalace. A ba ni dama in kai ma baduku shi farke."

"Ni takarda na tambaya, ka miƙo mini laya?"

Daga bayan mota Kande ta leƙo, wata dattijuwa 'yar Shagari da ta fi shekara biyar tana bin duk motar da Sodangi ke ja.

"Kofur, ga baduku can gindin durumi da basillatai ga hannu. Kamin ka gama tauna goron Lawali ya farke ta."

"Ke ce lauyarsa?"

"Ni albasata ka dahuwa ga rana, ɗan nan. Ita nika ma lauya."

Sodangi ya ce, "Ba na son kwana biyar ɗin da kab ba Lawali. Ka ba ni in taka zuwa durumin can in dawo."

"Lawali mutum ne mai ladabi," in ji kofur. Ya karɓi fatar ya auna ta a tafin hannu. "Baduku na me? Ai ni ma na iya."

Ya ɗora ta bisa murfin inji, ya buɗe wuƙa. Duk wanda ya taɓa ganin an farke laya ya san zare ake bi, ɗinki ɗaya ɗaya, daga gefe. Hassan ta tsakiya ya sa wuƙa, ya danna da ƙarfi, ya juya ya sake yankawa a gicciye. Takardar da aka ninke sau biyar in aka yi mata haka ba a biyu take rabuwa ba. Ya girgiza fatar, guntaye suka zubo bisa hanya, na Turanci da na malam a gauraye.

Rubutun malam da sunan Allah a jikinsa, ga shi a ƙasa inda jakuna suka bi. Sodangi ya dubi guntayen. Ya kama tayar gaba da hannu ɗaya, ya miƙe ƙafar dama gefe, ya sauka a hankali har ya dafa ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya fara tsincewa.

"Ashe gwiwar tana aiki," in ji kofur.

Kande ta sauko, ta shimfiɗa bakin gyalenta suna tarawa. Wasu guntayen iska ta ja su cikin ƙafafun 'yan kasuwa. Wasu suna ƙarƙashin takalmin kofur, bai kuwa ɗaga ba har ya gama rubutu. Ya yage sammacin ya miƙa wa mutumin da ke ƙasa.

Bayan kwana tara aka shiga kotu a Sakkwato. Kafin nan Sodangi ya sa mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya rubuta wa kamfanin Kano a aiko da wata takardar, amma amsa ba ta iso ba. Ya zo da guntayensa ɗaure a ƙyalle, ya kwance bisa tebur. Rabin hatimi yana nan, sunan kamfani yana nan, lambar mota da ranar ƙarewa babu. Kofur ya sara wa joji, ya ce ya nemi takarda an ba shi laya, ya buɗe ta ne don ya taimaki direba, bai ga komai ciki ba sai tarkace. Tafinta yana juyawa yana danne dariya. Joji Bature ma ya murmusa da aka zo wajen laya. Kande ta zo da kanta, ta bar kasuwarta, ta zauna bakin ƙofa tun safe har azahar. Ba wanda ya kira ta.

Sodangi ya roƙi a jira wasiƙar Kano. Joji ya tambayi kofur ko yana da ta cewa. Kofur ya ce direban nan mai taurin kai ne, ya raina hukuma a gaban jama'a. Shi ke nan. Aka ci shi tara, aka karɓe lasin na shekara guda.

Da ya koma gida ya tarar da Inno zaune bakin ɗaki, ta riga ta ji.

"Soja, ni nij ja maka."

"Ke allura kis sa, Inno. Wuƙa wani yas sa."

Ba ta yarda ba, har yau ba ta yarda ba. Mutanen birni kuwa sun mai da ita abin hira, wai tsohuwar ƙauye da ta yi laya da takardar gwamnati. To a faɗi gaskiya: wata takwas takardar nan ta yi a hannun ɗinkin Inno, damina guda ta wuce a kanta, ko harafi ɗaya bai goge ba. A hannun ma'aikacin hukuma ba ta yi minti ɗaya ba.

Kwana ashirin bayan hukunci wasiƙar Kano ta iso. Takarda ce sabuwa fil, da lambar motar Sodangi, tana nuna ranar da aka tsayar da shi a Bodinga saura wata huɗu inshorarsa ta ƙare. Ya hau motar Lawali, a bayan buhuna kamar kowa, ya kai ta ofis. Akawu ya ce Bature ya fita. Ya koma mako na gaba, aka ce a kotu ake wannan magana. A kotu aka ce an rufe fayil. Zuwa na uku akawun bai ma karɓi takardar ya duba ba, ya ce, "Malam, wata nawa ya rage? Ka yi haƙuri mana."

Haƙurin da yake yi ke nan. Ya cire tayoyin ya jingine a inuwa, ya ɗora motar bisa duwatsu. An ba shi shawara ya ɗauki wani direba, ya ƙi, ya ce motar tsohuwa ce, wanda bai san ta ba zai kashe ta kafin Tambuwal. Kowace Juma'a yakan juya mata hannu ta yi kuka kaɗan don kada inji ya ƙafe, sa'an nan ya kashe. Sauran kwanaki yana Horo Birni yana noman gero da ƙafa ɗaya a miƙe, aikin da mai gwiwa biyu ma yake kuka da shi. Albasar matan Shagari yanzu duk motar da aka samu take shiga, a zauna a kanta, ta isa Sakkwato tana ruwa.

Ku da kuka ba Hassan kaki da littafi, da jojin da ya tambayi mai yanka ra'ayinsa ya bar mai shaida a bakin ƙofa, takardar Kano tana nan a aljihun Sodangi. Ku karɓa ku karanta, da harshenku aka rubuta ta. Ku kira Kande ta faɗi abin da ta gani, ku tsayar da Hassan a gabanta ya bayyana abin da ya sa Lawali ya sami kwana biyar Sodangi bai sami taku ashirin ba. In akwai kwanakin da doka ta yarda a ba direba, ku rubuta su a allo da boko da ajami ku kafa a bakin hanyar Bodinga, kowa ya san nasa ba sai ya durƙusa ba. Kuma ku mayar wa mutumin nan da lasinsa a wannan mako, ba in shekara ta cika ba.