Mai Awo da Katangar Muzuru Biyu

Shekara talatin da ɗaya Mai Awo ya yi yana auna filaye, kuma a lissafinsa ya kashe rigimar iyaka ɗari biyu da goma sha huɗu. Da wannan suna duk unguwa ke kiransa, har matarsa ma in ya ƙure ta. Mutum ne da ba ya ce maka “nan kusa”, sai dai ya ce taku sittin da biyu. Daga gadonsa zuwa famfo taku goma sha tara ne. A wurinsa babu laifin da ya kai mutum ya tuge dutsen iyaka. Ya taɓa yin shekara shida ba ya gaisawa da wani magini a kan haka.

Da ya yi ritaya, babbar ’yarsa ta lura yana auna tsakar gida sau uku a mako, sai ta kawo masa ɗan muzuru baƙi wuluk. Ya raɗa masa Tawada. Kafin wata takwas Tawada ya zama abokin hira, kuma duk gidan shi kaɗai ke sauraron labarin filaye har ƙarshe.

To, maƙwabcinsu Tela shi ma yana da muzuru, ja mai ƙaton kai, ana ce masa Almakashi. Tsakanin gidajen akwai katanga mai mita goma sha biyu, hantsi na dukanta da daɗi, kuma kowane muzuru ya ɗauka gadon ubansa ce. Wata safiya Tawada ya shigo da kunne a tsage, ya ɗiga jini a kan sabuwar shimfiɗar kujera.

“Malam, na ƙirga ɗaya,” in ji matarsa, tana goge jinin. “Tunda ƙirga kake so. Ranar da na ce uku, shagon ƙanwata zai koma. Can ɓeraye har gaisawa suke da masu sayayya.”

“Haba Maman yara! Rigimar iyaka ce fa. A gidana?”

“A gidanka kuwa.”

Washegari tun da safe ya fito da igiyar awo, gwangwanin farin fenti da sabon littafi. Da ya matsa kusa da katangar sai zarni ya bugi hancinsa. Ai ba a fenti a kan ƙazanta. Ya ɗebo ruwa bokiti huɗu, ya sa sabulu da burushi, ya dirje katangar tas daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sannan ya auna mita shida daidai, ya ja layi mai kaurin yatsa uku.

Tela ya leƙo ta saman katanga, zare a baki.

“Yaya, me ake ginawa?”

“Adalci. Shida naka, shida nawa. Ka sanar da yaronka.”

“Zan karanta masa. Shi ma ya sa hannu ne, ko dangwale zai yi?”

Mai Awo bai kula shi ba. Ya jawo kujera ƙarƙashin inuwa, ya buɗe littafi. Kowace rana da shafinta: ƙarfe nawa ya wanke katanga, wa ya fara hawa, wa ya ƙetare layi, faɗa nawa, minti nawa. Kullum sai ya wanke, don iyakar da ba a gani a wurinsa ba iyaka ba ce.

Ranar farko faɗa biyu. Ta biyu, uku. Almakashi ma a kan layin yake zama ya lashe ƙafarsa, har ya koma gida da fari a gindi. Mai Awo ya ƙara wa layin kauri zuwa yatsa biyar. Ya ɗauki Tawada ya zagaya da shi, yana nuna masa nan naka ne, can na mutane. Tawada ya yi hamma. A kwana tara aka yi faɗa ashirin da uku, kuma a na ashirin da uku Tawada ya dawo da hanci a karce.

“Biyu,” in ji matarsa. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

Ran nan sai aka ɗauke ruwan famfo. Kwana uku babu ko ɗigo, ɗan abin da ke cikin duro kuwa matarsa ta ce duk wanda ya kai shi katanga zai gamu da ita. Abin mamaki, ranar farko faɗa ɗaya, ta biyu hararar juna kawai, ta uku shiru. Muzuru biyu kwance a hantsi, kowa ya ba ɗan’uwansa baya.

Mai Awo ya rungumi littafi ya nufi shagon Tela, taku arba’in da ɗaya, ya yi su a talatin da biyar.

“Maƙwabci, duba nan! Sun gane layi. Ɗari biyu da goma sha biyar ke nan! Ruwa na dawowa zan wanke ta fes, in sake fenti.”

Tela ya tsayar da keken ɗinki, ya sa tabarau, ya bi shafukan da ɗan yatsa. Ya koma baya. Ya sake dawowa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

“Yaya, wannan gurbin da ba ka rubuta komai ba na mene ne?”

“Wankin katanga. Babu ruwa ai.”

“To ranar da babu wanki, ina faɗa?”

Mai Awo ya karɓi littafin ya ƙura masa ido.

“Ka ga bandir ɗin yadin can?” Tela ya ci gaba. “Duk wanda na shigo da shi sabo, sai Almakashi ya goga masa kumatu. In na kakkaɓe, ya dawo ya sake. Haka suke sa alama. Wannan zarnin da kake dirjewa, shi ne dutsen iyakarsu. Su kafa da yamma, kai ka tuge da safe. Dole su sake shari’a daga farko.”

Mai Awo ya nemi benci ya zauna.

“Ni?”

“Kai. Sau tara, ga shi da rubutunka. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi! In je in kira maginin nan ku gaisa?”

“Maƙwabci, kar maganar nan ta fita shagon nan.”

“Ai ni tela ne. Bakina a ɗinke yake.”

Kafin ya kai gida matarsa ta ji.

Da ruwa ya dawo, Mai Awo ya tsaya gaban famfo da bokiti a hannu har minti bakwai, sannan ya juya ya ba shukoki. Mako biyu ya toshe hanci yana kallo kawai. Littafi ya nuna faɗa ɗaya, shi ma na baki ne, babu jini. Matarsa ta aika wa ƙanwarta tarkon ɓera guda biyu.

Sai dai hali zanen dutse. Wata safiya ya lallaɓa da igiyar awo, ya auna inda muzuran suka tsayar da tasu iyakar. Ya auna sau uku. Almakashi mita bakwai da rabi, Tawada huɗu da rabi.

“Maman yara, an cuce mu mita ɗaya da rabi! Wannan sai an ɗaukaka ƙara.”

“Malam, kunnen yaronka nawa?”

“Biyu. To, ɗaya da kashi uku cikin huɗu.”

“To ka bar masa su haka.”

Ta ɗauke burushin ta kulle a ɗakin ajiya. Mai Awo ya koma kujerarsa yana ƙunƙuni. Can Tawada ya diro daga mita huɗu da rabinsa, ya goga kumatu a ƙafar wandon maigidan, hagu da dama. Mai Awo ya kai hannu zai kakkaɓe, sai ya fasa.