Ranar Da Na Tare Kogi Da Tafin Hannuna

Har yau idan na tara hannu a bakin famfo, ruwa ya tsarga ta tsakanin yatsuna, kakana nake tunawa.

A wani ƙauye kusa da Gafasa na tashi, gidan manoma. Amma kakana, mahaifin babana, da kiwo ya yi ƙuruciyarsa. Kafin ya ajiye sanda ya ɗauki fartanya, duk rani sai ya kora shanu kudu, har gindin duwatsu. Daga can ya dawo da labari ɗaya da ba ya gajiya da shi. Wai kogin nan namu, mai cinye gonakin fadama da damina, wanda sai da kwale-kwale ake haye shi, ya ga inda yake farawa. Wai ɗan idon ruwa ne a ƙarƙashin dutse, ƙoƙon shan fura ma ya rufe shi. Ni ce 'yar gaban goshinsa, amarya yake ce mini irin tsokanar kaka da jika, don haka na haddace labarin tsaf.

Ina aji huɗu malaminmu ya tambaya daga ina kogi yake fitowa. Na yi wuf na ɗaga hannu, na zuba labarin ƙoƙo. Ajin ya kwashe da dariya, shi ma malamin ya juya yana goge allon da babu rubutu a kai. Na dawo gida a fusace, na tarar da Kaka cikin dattawa a gindin darbejiya suna ɓarar gyaɗa. Ko sallama ban yi ba na ce, "Kaka, ashe ƙarya kake mana!"

Babana ya zabura, Kaka ya ɗaga masa hannu ya zauna. Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Amma daga ranar ba a sake jin labarin a bakinsa ba, kuma ya daina ce mini amarya, sai sunana na yanka. Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai da aka gama shigar da dawa rumbu ya ce wa innata ta wanke mini kaya, za mu unguwa. Ranar kasuwar Ajingi muka shiga motar Kano, muka kwana gidan goggona, washegari muka hau wata motar ta kudu. Inda kwalta ta ƙare muka kama tafiyar ƙasa. Gwiwoyinsa sun riga sun gaji, ga shi dajin da ya sani duk ya zama gonaki. Sau biyu muna ɓata hanya. Na ga yana tsayawa yana duban duwatsu ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na motsi. Tsoro ya kama ni. Idan ba mu samu idon ruwan ba, to na mayar da tsohon nan maƙaryaci ke nan har ya koma ga Allah.

Wata Bafulatana ɗauke da tulu ce ta fitar da mu. Suka gaisa da Fulatanci, ta yi dariya ta ce mu biyo ta.

Sanyin wurin na fara ji, da ƙamshin jiƙaƙƙen ganye. Sannan na gan shi. Ɗan gurbi ne a gindin baƙin dutse, yashi na rawa a cikinsa, ruwan na silalewa ta cikin ciyawa, faɗinsa bai kai tabarmar salla ba.

"Sa hannunki," in ji Kaka.

Na durƙusa na danne idon da tafin hannuna. Ya rufe shi ruf. Ruwan ya yi ta ture ni a hankali, har ya samu hanya ta tsakanin yatsuna. Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Kaka, ka yafe mini."

"Haba amarya," ya ce, "saki kogin mutane, kafin masuntan Wudil su biyo mu."

Masu taswira za su iya cewa akwai wasu idanun da yawa a duwatsun, ban musa ba. Ni dai nawa na sani. Da muka dawo, duk wanda ya tambayi Kaka labarin sai ya nuna ni da haɓa, ya ce a tambayi wadda ta riƙe shi da hannu.

Yanzu Kaka ya daɗe da rasuwa. Kogin ma ya canza hali, madatsar ruwa ce ke ba shi umarni, yara kuma komai a waya suke dubawa. Makon jiya na ba jikata labarin, ta saurara har ƙarshe, ta taɓe baki ta ce, "Kai Hajiya, wannan dai ƙarya ce."

Uwarta ta ɗaga hannu za ta make ta, na ce ta ƙyale ta. Na ce ta dai wanke mata kaya, da an yi hutun makaranta za mu unguwa.