Layin Kawu Magaji

Kwamfutoci goma sha ɗaya Zakiyya ke kula da su tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Akwai na makarantu biyu, akwai ta ƙungiyar manoman albasa ta Bakolori, akwai kuma wata tsohuwar kwamfuta guda a wani ƙaramin ɗakin shan magani da ke bakin garin Maradun. Ba ta da shago, ba ta da allon talla. Baƙar jaka ce mai sukundireba biyu da igiyoyi, sai lambar waya da kowa ya sani. Shekarunta talatin da huɗu, 'ya'yanta uku. Mijinta Sadiƙ yana noman shinkafa a Bakolori, kuma har yau in an tambaye shi sana'ar matarsa, cewa yake yi tana gyaran talabijin ɗin ofis.

Wata Alhamis da damina aka kira ta Maradun. Hindu, ma'aikaciyar lafiyar da ke riƙe da ɗakin shan maganin, ta kwashe kwana tara tana shigar da sunayen yaran mutanen Gidan Goga da suka gudo, suka zauna a wata makaranta da ba a gama gininta ba. Yara ɗari biyu da goma sha bakwai. Ofishin da ke rabon allurar ƙyanda a Gusau ya ce duk mai jerin sunaye ya turo kafin ƙarfe biyu na ranar Alhamis, domin a lokacin ake loda mota. Wanda nasa bai iso ba, sai wata mai zuwa. Da Hindu ta danna turawa, sai manhajar da take shigar da sunayen a kwamfutar ta ce ita fa ta tsufa, ba za ta tura komai ba sai an sabunta ta. Aikin minti biyar ne ga wanda ya iya, kuma Zakiyya ta iya. Abin da ya sa ya ci yini guda kuwa, sai an san mutum biyun da suka rene ta.

Na farko mahaifinta ne, Malam Isa na Bakura, mai kwafar littattafai da hannu. A zaurensa ta girma, ita ke ja masa layi a takarda, ita ke dama tawada. Mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da abu guda. In ya tarar da kuskure a rubutun malaminsa, ba ya gogewa, ba ya kuma ɗora nasa a sama. Sai ya sauko ƙasa ya rubuta daidai da ƙananan haruffa, ya bar na malamin yadda yake. Tana shekara tara ta taɓa kankare wani harafi da reza don ta burge shi. Bai dake ta ba, bai ɗaga murya ba. Kwana uku ya yi yana jan layinsa da kansa, ita tana zaune tana kallo.

Na biyu Kawu Magaji ne, ƙanen mahaifiyarta, mai shago kusa da tasha a Mafara. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma kwamfuta, kuma a wurinsa ta zauna da ta zo karatun difloma. Kawu ba ya shiri da linzamin kwamfuta da 'yan hotunan nan da ake dannawa. Ya ce wannan aikin ragwaye ne. Shi baƙin allo yake buɗewa, wanda babu komai a kansa sai ɗan farin ɗigo yana ƙyaftawa, ya rubuta umarni da hannunsa. A nan ya haɗa ta da abin da yake kira dillali, wato manhajar da ke ɗauko sauran manhajoji. Ka rubuta mata sunan abin da kake so, ta tafi rumbu a intanet ta ɗauko shi da duk tarkacen da yake buƙata, ta girka. Dillalin yana da fayil ɗin saiti, shafi guda na rubutu, inda ake gaya masa rumbun da zai je, da tsawon lokacin da zai jira amsa, da ko ya nemi izini kafin ya taɓa wani abu. Daga sama yake karantawa zuwa ƙasa, kuma rumbun da ya tarar a sama shi yake fara zuwa.

Saboda sabis ɗin yankin ba abin dogaro ba ne, Kawu ya ajiye wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburinsa ya mayar da ita ƙaramin rumbu. Duk na'urar da ya girka wa wani, layin farko na saitinta adireshin wannan rumbun ne, da ɗan rubutu a kansa: Magaji, Mafara, sai kwanan wata. Yana alfahari da abin nan fiye da yadda yake alfahari da gidansa, kuma gaskiya ya fi gidan tsafta.

Shekara uku da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a shagon, bai kwana ba. Magada suka sayar da wurin, yanzu taki da maganin feshi ake sayarwa a ciki. Kwamfutar ƙarƙashin tebur kuwa 'yan gwangwan suka tafi da ita. Zakiyya ta gaji mutanensa. Ta bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ta sa musu adireshin wani rumbu mai rai, kuma a kowace ɗaya a ƙarƙashin layin Kawu ta rubuta nata. Tun daga nan dillali sai ya fara zuwa ƙofar mamaci ya yi sallama, ya tsaya minti ɗaya da rabi, in bai ji amsa ba ya wuce ƙofa ta biyu. Haka yake yi wa kowane ƙunshin manhaja da zai ɗauko. Zakiyya ta san da haka sarai. Ta san alamar hash guda, irin wadda ake dannawa in an gama sa kati a waya, in an ɗiga ta a gaban layi dillali ba zai ƙara ganinsa ba. A Mafara jiran ba ya cutar da kowa, a cikinsa ma take gaisawa da mutanen ofis. Ba ta taɓa zama ta yanke shawarar barin layin ba, hannunta ne dai bai taɓa zuwa wurin ba.

Ranar Alhamis ɗin ta isa Maradun da hantsi, bayan motarsu ta tsaya a shingen sojoji uku. Mata na zazzaune a baranda da goyo, wai sun ji an ce yau za a san ranar allura. Hindu ta taro ta a ƙofa.

“Marhabin da Malama Zakiyya. An kwan lahiya? Ya hanya? Ya kinka baro Mafara da yara?”

“Lahiya lau, Anti Hindu. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a?”

“Mun gode Allah. Ga ta nan, taƙ ƙiya. Sabis kuma yau awa ɗan biki shi kai, shi leƙo minti ukku shi tahi.”

Zakiyya ta ɗora wayarta a kan taga inda sabis ya fi kamawa, ta jona ta da kwamfutar, ta buɗe baƙin allo. Ƙunshi huɗu ake buƙata, ba su da wani girma. Sha ɗaya da kwata sandar sabis biyu suka fito a wayar, ta ba dillali umarni. Ya tafi ƙofar Kawu ya tsaya. Ya wuce ta biyu ya ɗauko rabin ƙunshin farko, sabis ya ɗauke. Ta dubi agogo ta ce a ranta ai da sauran lokaci.

Ta buɗe fayil ɗin saiti. Ga layin nan a sama, da sunansa, da kwanan watan da ya zo ɗakin nan da kansa a kan babur. Ta kai ɗigon gaban layin, ta tsaya. Daga nan sai ta gangara ƙasa inda ake sa tsawon jira, ta mayar da daƙiƙa casa'in zuwa biyar. Dabara ce mai kyau a ido: a yi wa Kawu sallama a gurguje a wuce. Har ta ɗan ji daɗin kanta.

Sha biyu da rabi sabis ya dawo, sanda ɗaya. Dillali ya jira daƙiƙa biyar a ƙofar farko ya wuce. Ya jira daƙiƙa biyar a ta biyu, ita ma ya wuce, domin da sanda ɗaya babu rumbun da ke amsawa cikin daƙiƙa biyar. Ya dawo ya shaida mata da jajayen haruffa cewa bai sami kowa ba. Kafin ta gyara, sandar ta ɓace. Wannan leƙowar minti shida ta yi, ita ce mafi tsawo a yinin, kuma babu abin da aka ɗauko a cikinta.

Hindu ta leƙo daga ɗakin awo. “Mi yah hwaru? Ta yi?”

“Saura kaɗan,” in ji Zakiyya.

Aka kira azahar. Ta yi salla a lungun ɗakin, ta dawo ta zauna. Yanzu tsoro ya kama ta sosai. Ta mayar da jira casa'in yadda yake. Ta hau sama, ta ɗiga alamar a gaban layin Kawu Magaji. Layin ya koma toka-toka, kamar yadda duk layin da aka kashe yake komawa. Ta adana, ta rufe. Abin bai kai daƙiƙa biyu ba, kuma babu wanda ya gani.

Biyu saura kwata sabis ya leƙo. Dillali ya miƙe kai tsaye rumbu mai rai, ya kwaso ƙunshi huɗun a cikin minti biyu, ya girka su. Zakiyya ta buɗe manhajar, ta kira Hindu ta sa kalmar sirrinta. Hindu na cikin laluben tabarau a aljihu sabis ya tafi. Suka zauna su biyu suna kallon wayar da ke kan taga. Zakiyya ta fita da ita tsakar gida, ta hau kan wani bulo ta ɗaga hannu, ta dawo. Sai biyu da minti ashirin da biyar sunayen suka tafi, duka ɗari biyu da goma sha bakwai, cikin ƙiftawar ido.

Hindu ta kira Gusau nan take. Ta yi gaisuwa, ta yi bayani, ta yi magiya, sannan ta saurara. Mutumin ofishin bai yi mata faɗa ba. Ya ce ya ga jerin, ya yi kyau, amma mota ta tashi tun minti goma da suka wuce, kuma abin da aka loda an loda shi ne da lissafin waɗanda suka turo. Ya ce zai sa su a sahun farko wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Ta ajiye wayar, ta dafa kafaɗar Zakiyya. “Kak ki damu, ƙanwata. Ke kin yi naki, ni shaida ta. Sabis ɗin ga na yac cuce mu. Allah shi saka miki da alheri, shi jiƙan Kawunki da yak koya miki aiki.”

Zakiyya ta buɗe baki. Ta san da ta kashe layin Kawu tun farko, minti shidan nan na sha biyu da rabi sun isa a sabunta, a tura, har a sha ruwa. Amma bayanin yana da tsawo, sai an faro daga zauren Bakura, kuma direban motar da za ta mayar da ita Mafara ya riga ya aiko cewa shi ba ya kai la'asar a kan wannan hanya. Kunya ta rufe ta. Ta ce amin, ta naɗe igiyoyinta ta zuba a jaka.

A baranda Hindu ta tsaya tana yi wa matan bayani. Yawancinsu suka miƙe suka kama hanya, sun saba. Wata doguwa mai suna Nagode, da goyo a baya da wani yaro riƙe da zanenta, ta matso kusa.

“Likita, wata mai zuwa kinka ce? To ɗiyan maƙwabciyata biyu sun kwan da zazzaɓi, idanu ja, yau ƙuraje sun hito musu bayan kunne. Ɗaki guda muka kwana da su. Mi za ni yi da waɗanga kahin wata shi kama?”

Hindu ta ce ta kawo su ta gani, ta kuma raba musu shimfiɗa in da hali. Nagode ta ce su goma sha tara ne a ajin da suke kwana. Zakiyya tana tsaye a bayansu da jakarta a kafaɗa, ta ji komai. Direba ya danna oda a bakin titi, ta sauka daga barandar ta tafi ta shiga mota.