Malam Lawali da Turancin da ba ya kunyar kowa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko kokon safe ban kai baki ba yau ƙanwarsa ta bugo daga Tsafe: Malam Lawali ya rasu bayan asuba.

Na zauna bakin murhu na rasa ta cewa. Ni ɗin da jikoki ke ce wa rediyo saboda surutu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muka yi firamare a Bungudu. Ni na tsaya aji shida, shi ya wuce har ya zama malamin Turanci, ya yi ritaya, ya koma yi wa yara lesin na jarrabawar shiga jami'a. Har muka yi furfura ina tuna masa ni ke ba shi satar amsa a lissafi. Kullum ya ce sharri ne. Allah Ya yafe mana, ba sharri ba ne.

Jikata Luba karatun jinya take so, amma sau biyu Turanci na kayar da ita. Ubanta, ɗana ne, direba a tasha nan Gusau, ya ce zama na ukun nan shi ne na ƙarshe. Sai na kira Malam ina tsiya: "In da gaske ka iya Turancin nan, zo ka gwada mana." Ranar Asabar sai ga shi ya biyo motar Tsafe. Tun daga nan bai fasa Asabar ko ɗaya ba.

Ranar farko ya ce ta rubuta jimla a kan ubanta. Ta rubuta: My father are coming.

Ya sauke tabarau. "Luba, ubanki nawa ne?"

"Ɗaya, Malam."

"To mi ya kawo are?"

Daga kan tabarma na amsa mata: "Tarbiyya ta kawo shi. A gidan ga ba a cewa Baba ya zo, sai dai Baba sun zo. Ni na koya mata."

Ya yi dariya har da tari. "Hajiya, ai ke kin ka kayar da ita sau biyu! Turanci ba ya kunyar kowa. Mutum ɗaya, ko hakimi ne, is za a ba shi."

Na ce ashe yaren marasa ta ido ne. Ya ce, "Bar mata ladabinta a Hausa, can ya fi kyau. A takarda kawuna za ta ƙirga."

Haka yake koyarwa. Wata rana ya sa aka ɗauko kwandon tumatir ɗina. The basket of tomatoes, is ko are? Luba ta ga tumatir da yawa ta ce are. Ya ɗora mata kwandon a ka ya ce, "Abu nawa kika ɗauka?" Har yau in ta ga jimla mai tsawo sai ta taɓa kanta.

Ya lura ina matse ido in zan karanta waya. Asabar ta gaba ya ajiye mini tabarau a gefen tabarma. Da su nake wannan rubutun.

Asabar ɗin da ta wuce ya zo a rame. Tuwo loma biyu ya yi. Na ce ko girkina ne ya fara raina wa, bai rama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ba Luba tambayoyi shafi huɗu, ya duba, uku kacal ta faɗi. A bakin zaure ya tsaya ya ce mini, "Ɗiyar nan ta iya. Tsoro ya rage, shi kuma ba ya cikin littafina. Wanga aikinki ne."

Na ce, "Sai Asabar." Ya ce, "In da rai."

Jarrabawar saura kwana tara. Da Luba ta ji labarin ta shige ɗaki ta ce ta fasa, ba za ta zauna ba. Na bi ta. Na lalubi abin dariya ko ɗaya ban samu ba. Sai na ce, "Shekara sittin ina musu da mutumin nan, ban taɓa kama shi ya yabi abin da bai kai ba. Ya ce kin iya."

Na fito na bar ta a ɗakin.

Yanzu ubanta ya kawo mota za mu Tsafe gaisuwa. Ta fito da hijabinta, ido jawur, takardun nan huɗu a naɗe a hannu. Ta ce in riƙe shafin da Malam ya rubuta amsoshi, in riƙa tambayarta a hanya. Da Turancina na aji shida.

Ya Allah, Ka gafarta wa Malam Lawali, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa abin da ya koyar ya zame masa ladan da ba ya yankewa, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In kun shafa, ku saka Luba, Allah Ya cire mata tsoro ranar jarrabawar.