Gurbin Yatsa Uku

Sai-Daidai ake kiransa, kuma sunan bai taɓa yi masa zafi ba. Shekara talatin da biyu yana aikin kafinta, ƙofa ba ta taɓa fita daga shagonsa a karkace ba. In ya shiga gidan mutane, kafin a gama gaisawa idonsa ya gano ƙafar kujerar da ta gaza 'yan'uwanta, kuma sai ya faɗa. Sau da yawa yana da gaskiya, abin da ya lalata shi ke nan.

Mahaifinsu ya rasu ya bar ƙaramin jirgin ruwa na alminiyam, ya shekara uku a bayan gida kaji suna ƙwai a ciki. Tun rasuwar, tsakaninsa da ƙaninsa Auta, bakanike, sai gaisuwar bakin titi. Jirgin nan ne kaɗai abin da ya rage da zai zaunar da su wuri guda, dukansu kuma sun san haka. Suka raba aiki: jiki na Sai-Daidai, inji na Auta.

Sai-Daidai ya toshe huji, ya canza ƙusoshin da suka saki, ya goge, ya shafa fenti. Da ya zo kan katakon baya, inda ake rataya inji, ya tarar ya ruɓe, ga wani mummunan gurbi a tsakiyarsa, zurfin yatsa uku, da gani da dakusasshen zarto aka yanka shi. Ya ja tsaki, ya ce aikin masunta ke nan. Ya yanko sabon katako, samansa a miƙe sambal kamar bakin tebur.

Ranar gwaji Auta ya rataya injin, ya duƙa ya leƙa ƙasa.

"Yaya, kamar ya yi sama."

"Na auna. Ka ji da naka aikin."

Suka shiga ruwa. Inji na ta ihu, jirgi na rarrafe. Farfela sai kumfa take bugawa, da an karya kwana ta sha iska ta yi ta wulwulawa a banza. Ruwan sanyaya inji da ke tsartowa ta gefe ya ragu, ya ɗauke, sai warin ƙuna. Da filafili suka dawo gaɓa.

A nan, gaban masunta da mata masu wanki, Sai-Daidai ya buɗe baki. Ya kira ƙaninsa ɗan koyo. Ya ce tun yana yaro duk abin da ya taɓa sai ya lalace, da Baba na raye ko sifana ba zai bar shi ya ɗauka ba. Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya biyar, shi ake yi wa wannan tijara. Auta ya goge hannu da tsumma, ya tafi ya bar musu injin.

Kwana biyu Sai-Daidai yana huci, matarsa ma ta daina tambayarsa lafiya. Rana ta uku ya ɗauko ma'auni, don ya tabbatar wa duniya laifin ba nasa ba ne. Ya shimfiɗa shi daga gindin jirgin zuwa ƙafar inji. Farantin da ke saman farfela, wanda ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi, yana sama da yatsa uku. Ya tono tsohon katakon daga cikin shara ya ɗora a kan sabon, ya daɗe yana kallo. Haushi ya turnuƙe shi, na mahaifinsu da ya yanka gurbi bai gaya wa kowa dalili ba, da na kansa, wanda ya fi ciwo.

Ya yanka gurbin. Ya ɗora injin a baro ya tura har garejin Auta, ana kallonsa. Ya shirya kalmar ban haƙuri tun daga gida, amma da ya isa ba ita ya faɗa ba.

"Katakon ne," ya ce.

"Na sani. Ni na riƙe wa Baba shi ranar da ya yanka."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa, Yaya." Auta bai ɗago daga injin da yake kwancewa ba. "Ajiye shi can. Zan gyara, tunda na Baba ne. In ya tashi zan aiko maka."

"Ba za ka zo gwaji ba?"

"Jirgin naka ne. Na bar maka rabona."