Zoɓon da Na Dafa wa Ɗan Farina

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ya faru.

Mu jikokin mahajjatan da suka yada zango a unguwar Ridina ne, hanyar Makka ta ƙare musu a nan. Mun riƙe kunyar kakanninmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna ta damu da shi. Nawa har ya yi furfura ban taɓa tambayarsa ya ya kwana ba.

Ƙusa ce ta soke shi a ƙafa a kasuwa. Ƙafar ta ruɓe, dafin ya shiga jini, aka kwantar da shi asibiti, aka ce zuciyarsa ta raunana. Ban je ba. Me mutane za su ce? Sai na dafa zoɓo mai kauri, wanda Larabawan nan ke kira karkanji, na daka tafarnuwa a ciki, yadda uwata ke yi wa masu ciwon zuciya. Kullum ina ba matarsa ta kai.

"Ki ce ke kika dafa," na ce mata.

"To, Inna."

Ranar da jikin ya tsananta, ƙannensa suka ja ni muka je. Na raɓe bakin ƙofa ina kallon bango. Likita, wata 'yar siririya, ta ɗauko gorar zoɓon daga ƙarƙashin gado.

"Wa ke ba shi wannan? Me aka zuba? Muna ɗaga jininsa, wani abu na mayar da shi ƙasa. Sai na sani yanzu."

Matarsa ta sunkuyar da kai. Ba ta san abin da ke ciki ba, kuma ba za ta tona ni ba. Ƙannensa suka taso mata: "Kashe shi za ki yi?"

Ga surukai, ga maƙwabta. Na ce, "Ni ce. Zoɓo ne da tafarnuwa. Ɗana ne." Har sunansa na faɗa, da bakin nan nawa. Na ja mayafi na rufe fuska.

Likitar ta sassauta murya. "Hajja, zoɓo na mai hawan jini ne, shi kuwa nasa faɗuwa ya yi. Mu ma daga itatuwa ake ciro wasu magungunanmu, amma da awo."

Aka zubar da sauran. Ya tashi, sai dai har yau in ya yi saurin tafiya yana haki. Ƙannensa sun ba matarsa haƙuri. Ita kuwa ba ta taɓa tada zancen ba, ita ke yanke mini farce yanzu. Likitar an ce ta koma kudu. Shi kuma kullum da safe yakan tsaya a ƙofar ɗakina ya gaishe ni, ni kuwa in amsa ina kallon bango. Sunan nan ban ƙara faɗarsa ba.